A auna idon yaro tun kafin a miƙa masa allo

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zama da yara tsakanin Magariba da Isha a wani ƙaramin masallaci da ke bayan Shara Mansur, a nan Makka, ina biya musu karatu. Yara da yawa sun bi ta hannuna, wasu sun sauke, wasu yau har suna jan salla. Amma idan na kwanta da dare, guda ɗaya ne yake faɗo mini a rai, kuma ɗan yayata ne wadda muke ciki ɗaya.

Yaron nan yana da kai. In na biya masa aya sau biyu ya riƙe ta ke nan, ko daga barci ka tashe shi zai kawo maka ita. Da zarar na ce ya buɗe Mushafi ya bi da ido, sai abu ya lalace. Ya ɗora yatsa a layi na uku, bakinsa yana layi na biyar. Ya murza ido da bayan hannu. Ya karkata kai gefe guda kamar mai sauraron wani abu a cikin bango. Bayan minti goma sai ya ce, "Kawu, kaina ke ciwo." Ni kuwa na ɗauka dabara ce irin ta yaron da ke son a sallame shi ya tafi ƙwallo. Na yi masa faɗa a gaban 'yan uwansa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Akwai ranar da na ce masa malalaci, ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan shafin, bai ce mini uffan ba. Na kai ƙararsa wurin uwarsa, ita ma ta ɗora nata.

Yana da shekara bakwai ubansa ya kai shi wani shagon tabarau, irin waɗanda ke rubuta a ƙofa cewa gwajin kwamfuta kyauta ne. Aka zaunar da shi, ya ɗora haɓa a kan na'ura, ya kalli hoton balan-balan ɗin nan da ke can ƙarshen titi, takarda ta fito cikin minti ɗaya. Mai shago ya ce ɗan abu ne kaɗan, ya haɗa masa tabarau. Ba a ɗiga masa magani ba, ba a rufe ido ɗaya an gwada ɗayan ba. Wata guda yaron ya yi da tabarau ɗin ya ajiye, ya ce da shi da babu duk ɗaya. Muka ƙara samun abin faɗa: an kashe maka kuɗi ka ƙi sawa.

Sai da ya kusa shekara goma aka kai shi wurin wata likitar ido 'yar Sudan, ni na raka su. Ta ɗiga masa magani, muka zauna a waje kusan minti arba'in, sannan ta kashe fitilar ɗaki ta auna. Idon dama daraja uku da rabi, na hagu shida da rabi, duka na dogon gani. Lambar shagon nan ba ta kai rabin ta gaskiya ba. Da ta rufe masa idon dama ta ce ya karanta allon bango, layi biyu na sama kawai ya iya. Ta juyo ta dubi yayata ta ce da an kawo shi yana ɗan shekara huɗu, da magana ta sha bamban. An yi masa tabarau na gaskiya, an yi ta manne idon dama fiye da shekara, na hagun ya ɗan motsa, ya tsaya a inda ya tsaya. Har yau da ido ɗaya yake karatu.

Abin da nake kira a kai bai da yawa. Duk yaron da ke tsakanin shekara uku da biyar a gwada masa gani, kowane ido shi kaɗai, ko ya yi ƙorafi ko bai yi ba. Kuma kada a yarda a rubuta wa ƙaramin yaro tabarau da lambar kwamfuta kawai, sai an ɗiga masa maganin awo. Zan faɗi dalili, domin na lura mutanenmu ba sa ƙin gaskiya idan an warware musu ita, abin da suke ƙi shi ne a ba su umarni ba bayani.

Ido kamar ɗaki ne mai taga a gaba da farin bango a baya. Haske yana shiga ta garniyya, wato fatar nan mai sheƙi da ta rufe baƙin ido, ya ratsa wata 'yar ƙwaya mai kama da gilashin tabarau da ke ciki, wadda likitocin nan ke kira adasa, sannan ya tattaru a bangon baya, shabakiyya. Ƙarfin tattara hasken nan gaba ɗaya kusan daraja 60 ne, a ma'aunin da ake kira diyofta, kuma kashi biyu cikin uku daga garniyya yake. In haske ya tattaru daidai kan bangon, gani ya fito tas. In idon ya cika tsawo daga gaba zuwa baya, sai hasken ya tattaru kafin ya isa, nesa ta dusashe, shi ne gajeren gani, gisar nazar. In idon ya gaza tsawo, dogon gani ke nan, ɗul nazar. In kuwa garniyya ba ta yi zagaye sosai ba, ta ɗan yi siffar ƙwai, sai layuka su riƙa jirkicewa nesa da kusa, shi ne inhirafi. Jariri ana haihuwarsa da ido mai tsawon milimita 17 ko kusa da haka, na babba kuma wajen 24. Milimita ɗaya tak idan ta ƙaru a kan ƙa'ida tana kawo kusan daraja uku ta gajeren gani. Dubi ƙanƙantar abin, dubi kuma abin da yake jawowa.

Yawancin jarirai da ɗan dogon gani ake haihuwarsu, yana raguwa da kansa yayin da ido ke girma. Wannan ba ciwo ba ne, kuma ba duk yaron da aka samu da 'yar lamba ne yake buƙatar tabarau ba. Matsala tana zuwa ne idan lambar ta yi yawa, ko ido biyun suka bambanta da juna sosai.

To me ya sa kwamfutar shago take kuskure a kan yaro, alhali tana yi wa babba daidai gwargwado? Saboda adasar yaro taushi gare ta, kuma akwai wata tsoka da ke zagaye da ita tana matsa ta ta ƙara ƙarfi duk lokacin da ake son ganin abu na kusa. Ɗan shekara goma yana iya ƙara wa idonsa fiye da daraja goma da wannan tsoka. Ɗan shekara hamsin da ƙyar yake samun biyu, shi ya sa kake ganin dattawanmu a Harami suna nesanta Mushafi da tsawon hannu kafin su ciro tabarau daga aljihu. Yaro mai dogon gani yana amfani da ƙarfin nan ya ɓoye matsalarsa, ba da saninsa ba. Yini guda tsokar tana a ɗaure, shi ya kawo ciwon kai da murza ido da gudun karatu. In ya leƙa cikin na'ura sai ya ƙara matsawa, na'urar ta auna ido tare da matsin. Mai dogon gani ta nuna shi kamar lafiyarsa ƙalau, mai lafiya kuma ta nuna shi kamar mai gajeren gani, a ɗora masa tabarau da ba ya buƙata.

Maganin ɗigawar nan, gaɗra, aikinsa ya kwantar da tsokar na ɗan lokaci don a ga ido yadda Allah ya halicce shi. Wanda aka fi amfani da shi sunansa saikulofentolet, yana kama aiki cikin minti 30 zuwa 45, ya sake yaro cikin kwana guda. Akwai atirofin, wanda ya fi ƙarfi, shi kan kai mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sake. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, mu baƙar fata: launin da ke cikin baƙin idonmu yana riƙe wani kaso na maganin, saboda haka yakan ɗauki lokaci kafin ya kama, wani lokaci sai an ƙara ɗigo. Idan likita ya ce ku ƙara jira, ko ya ba ku magani ku riƙa ɗigawa a gida ku dawo bayan kwana biyu ko uku, ba jan rai ba ne. Na ga uba ya tashi ya tafi da ɗansa cikin fushi a ɗakin jira saboda an ce ya ƙara minti ashirin, yana cewa an raina shi ne don baƙo ne. Na bi shi har ƙofa ban iya dawo da shi ba.

Mutane kan ce mini, yaron da bai iya alif ba, ta yaya za a auna shi? Awon nan ba ya buƙatar yaro ya buɗe baki. Na tsaya na ga yadda ake yi. Likita tana zaune nesa da yaro kamar tsawon hannu, ɗaki da duhu, tana riƙe da 'yar fitila mai fitar da siririn haske. Ta haska cikin ido, ta karkaɗa hasken hagu da dama, tana kallon yadda jan hasken da ke dawowa daga bayan ido yake tafiya, ko yana bin hannunta ko yana saɓa masa. Sai ta riƙa sa gilasai ɗaya bayan ɗaya a gaban idon har hasken ya daina gudu ya cika ƙwayar. Daga gilashin da ya tsayar da shi ake fitar da lamba. Jaririn wata shida ma ana yi masa a cinyar uwarsa. Don gwajin gani kuwa, akwai allo mai hotuna huɗu, gida da tuffa da da'ira da murabba'i, wanda wata likitar ido 'yar ƙasar Finland, Lea Hyvärinen, ta tsara a 1976 saboda yaran da ba su fara karatu ba. Ɗan shekara uku yana iya nuna hoton da ya gani a katin da ke hannunsa ko da kunya ta hana shi magana.

Abin da ya sa nake ta nanata shekaru shi ne ragwancin ido, kasal. Gani ba a ido kaɗai yake ba, ƙwaƙwalwa ce take koyonsa, kamar yadda take koyon harshe. Idan ido ɗaya yana aiko mata hoto mai kyau, ɗayan yana aiko mai hazo, sai ta riƙe mai kyau ta yi watsi da ɗayan. In aka daɗe a haka, hanyar da ke tsakanin wancan ido da ƙwaƙwalwa ba za ta ginu ba. Wasu masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun nuna wannan a shekarun 1960 da 'ya'yan kyanwa. Suka rufe musu ido ɗaya tun suna ƙanana, bayan watanni suka buɗe, ido lafiyarsa ƙalau amma kyanwa ba ta gani da shi. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ba abin da ya same ta. Aikin nan yana cikin abin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 1981. A wurin ɗan Adam ƙofar gyaran a buɗe take sosai har wajen shekara bakwai ko takwas, daga nan ta fara rufuwa. Ana samun ɗan ci gaba bayan haka, kamar yadda ɗan yayata ya samu, amma ba kamar na farko ba. Cikin yara ɗari, biyu zuwa uku suna da wannan matsala. Ka lissafa yaran halƙoƙin karatun Alƙur'ani na unguwarku da na rauda, wato makarantar ƙanana kafin firamare, za ka ga ba labarin nesa ba ne.

Kuma yaron ba zai faɗa ba. Wanda bai taɓa ganin ganyen bishiya ɗaya-ɗaya ba, ya ɗauka kowa ma dunƙulen kore yake gani. Mai ido ɗaya lafiyayye kuwa yana gudu, yana ƙwallo, yana tsintar riyal a ƙasa kafin kowa, babu wanda zai zarge shi da komai. Mu kuma muna da wani abu da ke ƙara rufe matsalar, wato hadda. Yaranmu da kunne suke fara karatu, kuma Allah ya ba su riƙo. Yaro zai yi shekara uku yana kallon shafi yana karanta abin da ke kansa, malam yana jin daɗi. Hatta a gwajin allo, idan aka jera yara aka gwada su a gaban juna, na biyar ya riga ya haddace abin da na farko ya faɗa. Dole a shigo da su ɗaya-ɗaya, kuma a rufe idon da abin da ba zai leƙa ta gefensa ba, domin in ka ce ya rufe da hannu, ta tsakanin yatsu zai duba.

Bayan abin da ya faru, yayata ta sa ido a kan autarta. Tana da shekara huɗu muka lura idan ta ƙura wa abu ido a kusa, na hagu yana ɗan shigewa wajen hanci, musamman in ta gaji. Inna, mahaifiyarmu, ta ce a bar ta, harara-garke na yara yana tafiya da kansa, wance ma ta yi ta warke. Gaskiya ne jariri a watanninsa na farko idonsa kan ɗan yi yawo, amma wanda ya wuce wata huɗu zuwa shida yana karkacewa, ko ya fara daga baya, ba a jiransa. Aka kai ta, aka ɗiga, aka samu dogon gani daraja huɗu da rabi. Ƙoƙarin matsa tsokar nan ne yake jan idon ciki. Ranar da aka kawo tabarau Inna ta ce, "Yanzu 'yar mace, ƙarama haka, za ku rataya mata gilashi kamar tsohuwa? Wa ya yi muku wannan a gidanmu?" Yayata ta durƙusa kusa da ita ta ce, "Inna, ki yi haƙuri ki dubi idon kawai." Aka sa wa yarinya tabarau, ido ya miƙe a gabanmu, aka cire, bayan ɗan lokaci ya koma. Inna ta yi shiru, can ta ce a mayar mata. Daga baya ita ce mai tsaron lazga, wato abin da ake manne idon dama da shi, awa biyu kullum bayan La'asar, tana zaunar da jikarta tana ba ta wake da shinkafa ta tsince da idon hagu. Shekara ba ta cika ba ido biyun suka yi daidai a allo.

Maganar da na fi ji ita ce tabarau yana raunana ido, in yaro ya saba ba zai iya rabuwa da shi ba. Tabarau ba ya ƙara wa ido tsawo, ba ya rage masa. Abin da ke faruwa, wanda ya ɗanɗana gani mai kyau ba ya yarda ya koma hazo, sai a ce ya saba. Lambar mai gajeren gani kuma tana ƙaruwa ne saboda ido yana girma tare da yaro, ko ya sa ko bai sa ba. A wurin ƙaramin yaro mai babbar lamba, hana tabarau shi ne yake kashe idon. Masu tsoron gaɗra kuma ina fahimtarsu. Tana da zafi na 'yan daƙiƙu, yaro zai yini yana gudun haske, ba ya ganin kusa sosai. Jefi-jefi wani yakan yi jan fuska, ko ɗumin jiki, ko magagi. Shi ya sa aikin likita ne, ba na mai shago ko mai saidaliyya, wato kantin magani, ba, kuma in yaro yana da farfaɗiya ko wani ciwo, a faɗa tun kafin a ɗiga. Kwalli kuwa ado ne da muka gada, amma ba ya gyara lamba, kuma wani kwallin kasuwa akwai gubar dalma a cikinsa, bai kamata ya kusanci idon jariri ba. Mu yi addu'a, mu sha Zamzam da niyyar waraka, mu kuma kai yaro awo. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani.

Wani zai ce ai hukuma tana yi. Tana yi, kuma a yaba mata. Yaron da zai shiga aji ɗaya a nan Saudiyya ana yi masa gwajin lafiya, duba gani yana ciki. Sai dai lokacin yana da shekara shida, fiye da rabin lokacin gyara ya riga ya wuce. A Ingila tsakanin shekara huɗu da biyar ake yi, a Amurka kuma shawarar da kwamitin rigakafinsu ya bayar ita ce a gwada kowane yaro aƙalla sau ɗaya tsakanin uku da biyar. Sannan mu faɗa wa kanmu gaskiya, ba duk yaran Hausawan Makka da Jidda da Madina ne suke bi ta wannan ƙofa ba. Akwai wanda igamar gidansu, wato takardar izinin zama, ta ƙare ana fafutukar sabuntawa, akwai wanda ba shi da ta'amin, wato inshorar lafiya, akwai uwar da kuɗin kashfi, wato na ganin likita, kaɗai yake hana ta barci. Ban raina wannan ba ko kaɗan, a cikinsa na tashi. Amma na san gidajen da wayar da ke hannun ɗan shekara biyar ta fi kuɗin awo da tabarau a haɗe. Na kuma san yadda muke haɗa kuɗi cikin dare ɗaya idan biki ya taso ko an yi rasuwa. A Kano, mutane suna sammako su yi layi a asibitin ido mai suna Makka, wanda gidauniyar Al-Basar ta ƙasar nan ta kafa. Mu da muke zaune a Makkar kanta bai kamata yaranmu su rasa awo ba.

Tunda na ambaci waya, bari in tsaya a kanta, domin can ne gajeren gani yake shigo mana. Muna yara a unguwannin nan, kan duwatsu muke yini da cikin lunguna. Yanzu rushe-rushen tsofaffin unguwanni ya tura da yawanmu cikin gidajen bene, ɗaki biyu da mukayyif mai sanyaya ɗaki, taga a rufe da labule mai kauri. Zafin bazara yana haura daraja 45, ba mai barin yaro ya fita. In an yi hutu kuma dare ya zama rana, yara su kwana a kan jawwal su yini suna barci. Yaro zai yi mako bai ga hasken rana da idonsa ba, a ƙasar da rana ta fi komai yawa. Korona ta ƙara dagula abin: an rufe makarantu a watan Maris na 2020, karatu ya koma manhajar Madrasati, 'yan firamare ba su koma aji ba sai Janairun 2022. A shekarun da suka biyo baya na ga tabarau ya yawaita a halƙata fiye da yadda na saba gani.

Abin da bincike ya tabbatar shi ne zama a waje yana jinkirta shigowar gajeren gani. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar karatu. Bayan shekara uku, kashi 30.4 cikin ɗari ne suka kamu da gajeren gani a cikinsu, a sauran makarantun kuwa kashi 39.5. An wallafa wannan a 2015. Taiwan tun 2010 ta sa makarantunta su riƙa fitar da yara awa biyu a rana. Ba su yi haka don nishaɗi ba, a manyan biranen gabashin Asiya takwas zuwa tara cikin goma na masu gama sakandare da gajeren gani suke fita. Wani hasashe da aka fitar a 2016 ya ce in aka ci gaba a haka, rabin mutanen duniya za su kasance da shi a 2050. Kuma yaron da ya fara da wuri shi ne lambarsa ke yin nisa, in ta haura daraja shida haɗarin ɓallewar shabakiyya da hawan jinin ido yana ƙaruwa a girma. Ba sai an shanya yaro a rana ba, inuwar waje ma ta ninka hasken ɗaki sau da yawa. Muna da hantsi kafin rana ta yi zafi, muna da bayan La'asar, muna da rufin bene da harabar masallaci, muna da watannin sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kada a zaunar da wanda bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, ɗan biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Na san uwar da ke da yara biyar a ɗaki biyu, wayar ce take ba ta damar dafa abinci. Don haka maganar tawa ga iyaye maza ce: in ka dawo daga aiki, kafin ka zauna hira a bakin bagala, kantin unguwa, ɗauki yaran ku fita tun da sauran haske.

Abu ɗaya ne ba ya jiran shekara uku, ba ya jiran gobe ma. In ka ga fari a tsakiyar baƙin idon jariri, ko ka ɗauki hoto da filasha ido ɗaya ya fito ja ɗayan fari, a kai shi likitan ido a ranar. Yana iya zama yanar ido ta haihuwa, yana iya zama ciwon daji na bayan ido. Haka bakwaini, da yaron da iyayensa ke sa tabarau mai kauri, a kai su da wuri ba sai an ga alama ba.

Malaman halƙa da malaman rauda, mu ne muka fi kowa ganin yaran nan suna kallon rubutu. Ba mu zama likitoci ba, kuma kada wani ya fara rubuta lamba. Amma tacewa muna iyawa. A farkon zangon nan na manna allon hotuna a bangon baya na masallaci, na auna mita uku da igiya kamar yadda aka rubuta a jikinsa, na ja layi da alli a ƙasa. Na ce kowane ɗalibi ya zo da ƙannensa 'yan shekara uku zuwa biyar ranar Asabar bayan La'asar. Ƙa'idar da likitar nan ta rubuta mini a takarda ita nake bi: ɗan shekara huɗu ya kai layin allon da aka yi wa alama 6/12, ɗan biyar zuwa sama ya kai na 6/9 mai ƙananan hotuna, kuma in ido ɗaya ya gaza ɗayan da layi biyu, a tura shi ko da ya kai. Wanda ya yi ta fizge-fizge da kuka idan an rufe ido ɗaya, amma bai damu ba idan an rufe ɗayan, shi ma a tura shi. Ɗan yayata ne yake riƙe mini katin, shi yake lallashin masu kuka, yana cire tabaransa ya nuna musu ya mayar.

Yara biyar muka tura. Huɗu an kai su, uku daga ciki sun dawo da tabarau, ɗaya likita ya ce lambarsa ta shekarunsa ce, a dawo da shi baɗi. Na biyar ɗin ɗan wani direba ne da ke fita tun Asuba ba ya dawowa sai dare ya raba, idon dama na yaron bai wuce layi na uku ba, kuma watan Rajab mai zuwa zai cika shekara shida. Na yi wa uban magana sau biyu ya ce in sha Allah. Jiya na karɓo masa mau'idin ganin likita na ranar Alhamis da yamma, na kuma gaya masa in aiki ya riƙe shi, ya bar wa uwar yaron katinsa, ni da yayata za mu kai su.